Zoben Tsuntsu da Sawun Mutum: Yadda Shafukan Intanet Suke Bin Diddigin Masu Ziyara



Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke kaka ta shigo, fadamun Kogin Haɗeja sukan yi baƙi. Dubban tsuntsaye ne suke tasowa daga ƙasashen Turai, su ƙetare teku, su ƙetare Hamada, su sauka a Baturiya da Dagona da tafkin Nguru, su ci su sha har sanyi ya wuce a can garinsu, sa'an nan su koma. Saboda waɗannan baƙi, da sauran albarkar wurin, aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya kuma ta biyo baya a 2008. Wani lokaci maharbi ko masunci yakan kama ɗaya daga cikin tsuntsayen nan, ya tarar da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa, an zana masa lamba da adireshin wani gari na Turai. Wani malamin makaranta ne, mutumin Denmak, mai suna Hans Mortensen, ya fara wannan dabara a 1899. Zoben nan ba ya gani, ba ya ji, lamba ce kurum. Amma can inda aka ɗaura shi akwai littafi, a cikin littafin kuwa an rubuta irin tsuntsun da ranar da aka kama shi da wurin. Duk sa'ad da aka sake kama shi a wani wuri aka aika da lambar, sai a ƙara layi ɗaya. Da haka ake gane hanyarsa da zangonsa da tsawon ransa, shi kuwa tsuntsu bai san ana yi ba.

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani zobe mai kama da wannan, wanda ake ɗaura wa mutane ta wayarsu ko ta kwamfutarsu a duk lokacin da suka buɗe shafi a intanet. Turawa suna kiransa kuki. Ɗalibin da ke Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, da akawun da ke sakatariyar Kirikasamma, da mai sayar da banda a kasuwar kifi, kowannensu yana yawo da ɗaruruwan irinsa a aljihu.

Asalin Kuki

Tun da aka ƙirƙiro shafukan intanet a wajajen 1990, an gina su ne da wani hali na mantuwa. Idan mutum ya nemi shafi, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, watau uwar garke, takan miƙo masa, ta manta da shi nan take. Idan ya nemi shafi na biyu bayan daƙiƙa ɗaya, sai ta karɓe shi kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Wannan ba ya hana karatu, amma yana hana ciniki, gama ba a ciniki da mai kantin da ke manta abin da ka zaɓa kafin ka kai hannu aljihu.

Wanda ya taɓa kai shanshera injin casa a Auyo ko a Guri ya san maganin wannan matsala. Mai inji ba zai iya riƙe fuskar kowa ba, buhuna kuma duk kamarsu ɗaya. Saboda haka sai a yi wa buhu shaida da gawayi ko fenti, mai kaya ya riƙe shaidarsa a ka. In ya dawo ya faɗe ta, sai a ba shi nasa. A 1994 wani saurayi ma'aikacin kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya yi wa intanet irin wannan dabara. Idan mutum ya ziyarci shafi karo na farko, shafin yakan ba burauzarsa, watau manhajar da yake buɗe shafuka da ita, ɗan guntun rubutu wanda bai fi haruffa dubu huɗu ba, galibi ma lamba ce kawai. Burauza ta adana. Duk lokacin da ya koma wannan shafi, sai ta miƙa lambar ba tare da ta tambaye shi ba, shafin kuma ya duba littafinsa ya ce, ashe wane ne. Wani kukin yakan mutu da zarar an rufe burauza, wani kuwa yakan yi watanni. Burauzar Chrome ta ƙayyade masa kwana 400 tun daga 2022, sai dai shafi yana iya sabunta shi a kowace ziyara.

Har zuwa nan babu abin zargi. Ba don wannan shaida ba, da ɗalibin da ke cike takardar neman shiga jami'a sai ya sake rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a kowane shafi, da kuma ma'aikaci bai iya duba albashinsa a shafin banki ba. Kukin da mai shafi ya ba ka don ya gane ka a cikin gidansa daidai yake da shaidar mai inji.

Baƙon da Ke Zaune a Kowace Rumfa

Inda gizo ke saƙar shi ne, shafin da mutum yake gani a matsayin abu ɗaya, a haƙiƙa haɗe-haɗe ne. Labarin yana fitowa daga kwamfutar jarida, hoton talla daga kwamfutar wani kamfani, ɗan maɓallin Facebook daga wata, na'urar ƙidayar masu ziyara kuma daga Google. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi yana da ikon ba burauza nasa kukin, ya kuma karɓe shi a duk wani shafin da yake da wakili.

A ƙaddara mutum ya shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Ya tsaya rumfar masu taki, ya wuce wajen masu injin ban ruwa, ya leƙa wurin mai magani, ya taya akuya bai saya ba. A kowace rumfa kuwa akwai wani yaro zaune a gefe, ba ya saye ba ya sayarwa, duk yaran nan kuma ubangidansu ɗaya. Na farko ya maƙala wa mutumin lamba a bayan riga, sauran suna rubuta lambar da abin da ya taya. Kafin la'asar ubangidan ya san mutumin nan manomin rani ne, kuɗinsa bai kai na sabon inji ba, akwai kuma mara lafiya a gidansa. Bai san sunansa ba, amma ina ruwansa da suna? Abin da yake nema ya samu.

Wannan shi ne aikin da kamfanin DoubleClick ya shahara da shi tun daga tsakiyar shekarun 1990. Jaridar Financial Times ta fara faɗakar da jama'a game da kuki a watan Fabrairu na 1996, amma faɗakarwar ba ta hana kasuwa ci ba. A 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, kuma wannan kuɗi kaɗai ya isa ya nuna darajar littafin da yaran ubangida suke rubutawa. Daga baya aka ƙara wa abin gwanjo. A ɗan tsakanin da mutum ya taɓa shafi da lokacin da shafin ya bayyana, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, akan aika wa kamfanoni masu yawa bayani cewa ga mai lamba kaza, yana wajen gari kaza, da waya iri kaza, an san shi da sha'awar kaza, wa zai saya? Wanda ya fi tayi shi ne tallarsa za ta fito. Waɗanda ba su yi nasara ba kuwa, ai su ma sun riga sun ji bayanin. Dillalin shanu a Maigatari yana karɓar la'ada ne da sanin mai saye da mai sayarwa. A wannan gwanjo mai karanta shafin shi ne hajar, la'adar kuma ba ta biyowa ta kansa.

Da ƙorafi ya yi yawa, burauzar Firefox ta fara toshe kukin masu bin diddigi a 2019, Safari ta toshe na baƙi gaba ɗaya a 2020. A watan Janairu na 2020 Google ya yi alkawarin yin haka a Chrome cikin shekara biyu. Ya yi ta ɗagawa, har a watan Yuli na 2024 ya janye alkawarin. Mai kuɗin talla ba ya saurin rushe rumfarsa.

Sanin Saniya Ba Tare da Shaida Ba

Ko da an share kuki duka, ba a rabu da Bukar ba. Bafillatanin da ke kiwo a fadamar Guri ba ya bukatar tambari kafin ya gane saniyarsa a cikin ɗari. Ya san bunaji ce ko rahaji, ya san lanƙwasar ƙahonta da ɗigon da ke wuyanta da yadda take taku. Kowace siffa ɗaya shanu da yawa suna da ita, amma idan aka haɗa su sai su tsaya a kan saniya guda. Haka nan shafi yakan tambayi burauza girman fuskar waya, da harshen da aka saita, da agogon ƙasa, da irin haruffan da ke ciki, ya harhaɗa su su zama kamanni. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF a Amurka ya gwada burauza kusan 470,000, ya tarar fiye da kashi 83 cikin ɗari kowace ba ta da tagwai. Wayoyin hannu, da yake sun fi kama da juna, sun ɗan fi wuyar bambancewa ta wannan hanya, amma su kuma suna da nasu zoben.

Wannan batu na waya shi ya fi shafar ƙasar Haɗeja, domin akasarin mutanen Birniwa da Kaugama da Malam Madori da suka shiga intanet, ta waya suka shiga, ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Kowace wayar Android tana da wata lamba ta musamman da aka tanada domin masu talla, manhajojin da ke cikinta kuma suna iya karanta ta. Manhajar wasa ko ta tocila takan nemi izinin sanin wurin da mutum yake, ko na duba sunayen da ke wayarsa, alhali aikinta bai bukaci haka ba. Akwai kuma ɗan ɗigon hoto wanda ido ba ya gani, da ake dasawa a shafi ko a wasiƙar imel, aikinsa kawai ya kai rahoto cewa an buɗe. Da mutum zai shiga Facebook ko Google da lambar wayarsa, to zoben da ba shi da suna ya sami suna ke nan. Lambar waya kuwa a Nijeriya ba abar wasa ba ce: an fara rajistar layuka a 2011, an kawo lambar BVN ta banki a 2014, an kuma wajabta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a watan Disamba na 2020. Ba a ce kamfanonin talla suna da mabuɗin waɗannan rumbuna na hukuma ba. Abin lura dai shi ne, lamba ɗaya ce yanzu take ɗaure da sunan mutum da asusunsa da hirarsa, duk wanda ya riƙe ta ya riƙe bakin zaren.

Me Aka Rasa?

Sau da yawa akan ji mutum ya ce, ni talaka ne, me nake da shi da za a sata? Wannan magana ba ta dace da al'adar mai faɗinta ba. Bahaushe ya gina zaure domin baƙo ya tsaya a nan, ya kuma sa sallama ta zama mabuɗin shiga. Ba ya faɗa wa maƙwabci yawan damin da ke rumbunsa, ba ya shelar cikin matarsa, ba ya tallar bashin da ake binsa. Addininsa ma ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati. A zamanin jangali, kafin gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Haɗeja tana cikinta, makiyayi yakan yi iyakar dabararsa kada mai ƙidaya ya san adadin garkensa, don ya san ƙidaya ita ce farkon karɓa. Jikansa ne yau ake ƙidaya masa komai, yana murna an ba shi manhaja kyauta.

Ba kowace rajista ce sharri ba. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, an rubuta sunayen manoma da lambobin wayarsu, aka riƙa aika musu saƙon karɓar taki buhu biyu a rabin kuɗi. A nan manomi ya san wanda ya rubuta shi, ya san dalili, ya kuma ga abin da ya samu. Bin diddigin intanet ya rasa waɗannan ukun duka.

Illar kuma ta riga ta bayyana a fili. Manhajojin ba da rance sun yi amfani da izinin duba sunayen waya, suka riƙa aika wa surukai da abokan aikin wanda ya makara biya saƙon cewa ɓarawo ne. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa sunaye da hotunan waya daga ƙarshen Mayu na 2023. A ƙasar da ambaliya takan cinye shinkafa a gona, kamar yadda ta yi a 2020 da 2022, mutumin da aka gane daga bincikensa cewa yana cikin matsi shi ne wanda tallar rance mai tsada za ta fara samu. Siyasa ma ba ta tsira ba. A 2018 ta bayyana cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87, jaridun Ingila kuma suka ba da labarin cewa an ɗauki kamfanin aiki a zaɓen Nijeriya na 2015.

Doka da Harshe

Tarayyar Turai ce ta fara wajabta neman izini kafin a dasa kukin da ba na dole ba, a gyaran dokar da ta yi a 2009, sa'an nan ta ƙarfafa shi da babbar dokar kare bayanai wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Daga nan ne akwatunan nan masu tare fuskar shafi suka samo asali. A Nijeriya sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirri. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairu na 2019, a watan Agusta na wannan shekara kuma aka naɗa Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja, shugabanta. Ranar 12 ga Yuni, 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya karɓi bayani shi ne zai kawo hujjar cewa an yarda. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cinsa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Agusta na 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ta kuma ambaci kuki da manhajar banki cikin dalilanta, bankin kuwa ya musa cewa ya karya doka. Wata guda kafin haka FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraren ƙara ta tabbatar a watan Afrilu na 2025.

Duk wannan gini a kan kalma ɗaya ya tsaya, watau yarda, a nan ne kuma mai nazarin harshe yake da ta cewa. A kasuwar Hausa ciniki yana da kalmomi biyu masu nauyi ɗaya. Idan tayi bai yi ba, mai kaya ya ce albarka. Idan ya yi, ya ce na sallama. Ba a taɓa jin kasuwar da aka sauƙaƙa faɗin ɗaya aka wahalar da ɗayar ba. Akwatin kuki kuwa galibi yakan sa maɓallin yarda babba mai launi, ya ɓoye na ƙi a bayan shafi biyu ko uku. Saboda wannan dabara ce hukumar Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, a watan Janairu na 2022. To wannan fa ga mai jin harshen da aka rubuta akwatin ke nan. Ina ga manomin Kafin Hausa da ya kai sabuwar waya shagon caji, yaron shago ya buɗe masa Facebook da WhatsApp, ya danna masa yarda a kan komai cikin minti biyar, da Ingilishin da shi kansa yaron bai tsaya karantawa ba? A takarda an yarda. A shari'ar kowace kasuwa ta ƙasar Haɗeja, ba a yi ciniki ba.

Fassara kalmar ma tana da tarko. Ma'anarta ta asali a Ingilishi ɗan biskit ne, masana kwamfuta suka ara don wasa. Wanda ya fassara ta kai tsaye ya ce wannan shafi yana amfani da biskit, ko cincin, ya ba mai karatu dariya, bai ba shi ilmi ba. Aro kalmar a ce kuki ba laifi ba ne, Hausa ta ari mota da tebur ba ta mutu ba, amma aro ba ya bayani. Kalmar shaida ta fi kusa da aikin, tun da kowa ya san shaidar buhu da ta dabba. Sai a ce shaidar mai gida ga wadda shafi ya bayar don aikinsa, shaidar baƙo ga ta masu talla.

Kafin a kai ga haka akwai abin da ke hannun kowa. A saitin kowace burauza akwai wurin share kuki da wurin toshe na baƙi. A wayar Android ana iya goge lambar talla, a kuma janye izinin wuri da na sunaye daga manhajar da ba ta bukatarsu. Ɗalibin da ya yi rajista a shagon kwamfuta, ko ma'aikacin da suke tarayya da wasu a kwamfutar ofis, wajibi ne ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, gama kukin da ya bari a nan mabuɗi ne, wanda ya zauna bayansa zai shiga ba tare da kalmar sirri ba. Yanayin ɓoye na burauza yana share sawu ne daga wayar kawai, ba ya rufe idon shafi ko na kamfanin layi.

Nauyi mafi girma yana wuyan ma'aikatan gwamnati, domin su ne suke ba da kwangilar gina shafukan ma'aikatu da na makarantu da na asibitoci. Ɗan kwangila yakan dasa na'urar ƙidaya ta waje don kyauta ce, jami'in da ya karɓi aikin kuma bai san ya zaunar da yaron wani a zauren hukuma ba. Tambaya biyu sun isa a lokacin karɓar aiki: waɗanne baƙi ne suke cikin shafin nan, kuma da wane harshe ake neman izinin jama'a? Sanarwar da za ta yi wa mutumin Auyo amfani ba ta fi layi uku ba: wannan shafi zai ajiye shaida a wayarka don ya gane ka in ka dawo, kamfanoni kaza da kaza su ma suna so su ajiye tasu don su san sauran shafukan da kake zuwa, ko ka ƙi su, za ka iya yin abin da ya kawo ka. A ƙarƙashinta a sa maɓalli biyu masu girma ɗaya da launi ɗaya, ɗaya a rubuta Na sallama, ɗayan a rubuta Albarka.